Kwalbar Tekun Malam Mani

Sau uku yake girgiza kwalbar, ba ya ƙari ba ya ragi. Sai ya ɗaga ta wajen ranar da ke fitowa ta bayan rumbunan Daudawa, ya runtse ido ɗaya, ya kalli shuɗin ruwan yana kai da kawowa har ya kwanta. Daga nan ya goge ta da gefen riga, ya mayar cikin jakar fata, ya rataye a ƙusa.

"Yau teku ya kwana lahiya," ya ce wa matarsa Larai.

"Madalla. Akuyarka kuwa da yunwa ta kwana," in ji ta, ta dire masa kwanon koko.

Shekara goma sha biyu Malam Mani yana wannan hidima kowace safiya. Dogo ne siriri, manomin auduga irin wanda ciyawa ta fi auduga saninsa. Amma daga Faskari zuwa Kankara, har can Damari ta ƙasar Sabuwa, ba wanda ke kiransa da sunan gona. Mani Na-Teku ake ce masa, kuma wannan suna ne kaɗai abin da ya shuka a duniya ya yi yabanya.

Asalin abin, wani falke ne na Faskari ya ɗauke shi cikin masu kora masa shanu. Suka taka da su zuwa Funtuwa, aka loda a jirgin ƙasa, aka nufi Ikko. Bayan kwana arba'in Mani ya dawo da rama, da kaushi a ƙafa, da kwalba ɗaya cike da ruwan teku.

Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, a Agege jirgi ya sauke su. Can ya yi kwana tara a kara, kasuwar shanu, cikin taɓo da ƙuda, yana gadin shanu, maigidansa ne ke shiga mota ya haye tsibirin da birnin yake. Mani bai taka gada ba, bai ga ko kududdufin da ya fi na bayan gidansu girma ba. Ranar dawowa ya ga abokan tafiya sun sayi burodi da sukari, shi kuwa namiji ba ya shiga gida hannu rabbana, sai ya sayi kwalbar a wurin wata tsohuwa a tasha. Ko daga teku ta ɗebo, ko daga randar ɗakinta, ita da Mahaliccinta.

Sauran birnin kuwa a bakin masu dawowa kara da yamma ya tsince shi, ya haɗa, ya yi masa ado. Duk mai shirin tafiya Ikko sai ya fara zuwa zauren Mani da ƙwan zabi ko goro, a tsara masa abin da zai gani.

"Ka fara da gada," zai ce, yana zana ta da tsinke a ƙasa. "In ka haye, akwai famfo a tsakiyar dandali mai tofa ruwa sama dare da rana, ba mai sha, ba mai alwala. Ka tsaya ka yi mishi kallon ladabi. Sannan ka nemi benen da ake shiga akwati a rufe, ka buɗe ido ka gan ka sama da shirwa. Ka bar teku sai ƙarshe, don wanda ya fara da teku sauran gari ba ya yi mishi daɗi."

A kan teku ne harshensa ke samun fili. Ba shi da abin aunawa sai tafkin garinsu, don haka ya ba teku halin tafki, ya ninka sau dubu. Da rani, in ji shi, teku kan ja da baya tafiyar yini guda, ya bar fadama baƙa wuluk, mutane su bi shi da shukar albasa. Kowace albasa kamar ƙoƙon fura, kuma da gishirinta take fitowa, mace ba ta ƙara wa miya komai.

Mutane da dama sun je sun dawo a cikin shekarun nan. Yawancinsu su ma a Agege suka ƙare, ko a rumfar wani ɗan'uwa mai sayar da goro. Amma wa zai kashe kuɗin mota ya dawo ya ce bai ga abin da Mani ya gani ba? Kowa ya sauka sai ya rantse ya ga albasar, wani ma ya ce ya ci. Haka ƙaryar mutum ɗaya ta zama gandun gari, kowa na kai mata taki.

Ita kwalbar tun shekarar farko ta ƙare. Mai jariri na haƙori ta zo a ɗiga mata, mai naƙuda a aiko a karɓa mata, Malam Harisu mai awon hatsi ya shafa a gwiwa ya ce ya ji kamar an zare masa ƙaya. Mani ya ga gindin kwalba ya kusa bayyana, ya ga sunansa na bin ruwan yana raguwa. Sai ya je rijiya, ya dawo ya buɗe tukunyar gishirin Larai.

Shuɗin daga baya ya zo. Almu tela ne ya rataye kalandar wani kamfanin jiragen ruwa a shagonsa, ga teku a jiki shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marina.

"Na-Teku, ya naka fari fat kamar ruwan randa?" Almu ya tambaya a gaban jama'a.

"Hutawa yake," in ji Mani. "Tahiya ta gajiyar da shi. Launin na nan dawowa."

Kafin mako ya zagayo launi ya dawo, bular wankin Larai kuma ta fara ƙarewa da wuri. Ta san inda take zuwa. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ƙwan zabin a kaskonta ake soya shi.

Sai shekarun arzikin man fetur suka zo. Kuɗi suka shigo ƙasar kamar ruwan Agusta, ba su tambayi gonar wa aka gyara ba. Rediyo ya hau kafaɗar makiyayi, babur ya kori jaki daga inuwa, mutumin da jiya ke neman aron galma yau yana maganar kwangila. Cikin waɗanda ruwan ya fi jiƙawa akwai Alhaji Sha'ibu na Kankara, ɗan kasuwar hatsi da ya koma gina kwalbati a hanyoyin da ba a riga an yi ba. Ya gina falo da kujerun kushin da fanka, ya kuma ga ya kamata falon ya samu masanin duniya. Kowace ranar kasuwa Mani kan hau motar haya zuwa Kankara da jakar fatarsa, ya zauna a kujerar da ke hannun daman Alhaji. Bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar yadda ya so kujerar nan ba. Takan nutse da shi har gwiwoyinsa su kusa taɓa haɓa, yana ciki yana ba da labarin teku kamar yana iyo.

Wata rana Alhaji ya ce zai je Ikko da kansa ya karɓo sabuwar mota a tashar jiragen ruwa.

"Ka shirya mu tahi tare, Malam. Jirgin sama za mu hau a Kano. Kai ne idona."

Mani ya ce auduga ta fashe, in ya bar ta awaki za su gama da ita. Duk wanda ke falon ya san rabon Mani da damuwa da auduga tun kafin a canza kuɗi. Ya dai tsara wa Alhaji tafiyar daki-daki, gada, famfo, akwati, teku. Da aka zo kan albasa idon Alhaji ya yi haske irin na ɗan kasuwa. Ya sa aka naɗe masa buhuna shida a cikin kaya, don ya kawo iri ya cika fadamar Kankara da albasa mai gishiri.

Mako uku Alhaji ya yi a can. Ranar da ya dawo, bayan la'asar, falo ya cika har bakin ƙofa, har da su Almu tela da Malam Harisu da suka zo barka da sauka, sabuwar mota na waje an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Mani na kujerarsa, jaka a cinya.

Alhaji ya ba da labari. Ya ga jiragen ruwa cike da siminti sun yi layi a kan ruwa kamar shanu a mashaya, wata da watanni suna jiran a sauke su. Ya ga dawakin haya a kan rairayi, da masu fararen riguna suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a ruwa na dukan ƙafarsu, da mata masu fasa kwakwa, da masu hoto suna bin mutum kamar ƙudan zuma. Duk abin da ya faɗa sai Mani ya gyaɗa kai.

"Haka ne. Suna nan ashe. Mai farin dokin nan bai mutu ba?"

"Yana gaishe ka," in ji Alhaji, bai yi murmushi ba.

Sai ya sa hannu bayan kujera ya jawo jarka fara, ya tsiyaya ruwa a kofin gilashi, ya miƙa.

"Malam, ga abin da na samo. Kai ne masani. Duba mana."

Mani ya karɓa. Ya ɗaga kofin wajen taga, ya runtse ido ɗaya. Ruwa garau, ba launi ko na rantsuwa. Ya kurɓa, ya ji ɗaci da ƙarni da wani gishiri mai kama maƙogwaro wanda bai taɓa sani ba. Da ya yi shiru a nan, da wataƙila ya mutu da sunansa. Amma shekara da shekaru yana kallon shuɗi kowace safiya, har shi kansa ya manta daga ina shuɗin ya fito.

"Alhaji, an cuce ka," ya ce da tausayi. "Mutanen Ikko ba su da tsoron Allah. Ruwan wankin kifi sunka zuba maka. Wa ya sayar maka da wannan?"

"Ba wanda ya sayar mani."

Alhaji ya zaro hoto daga aljihu ya ba na kusa da shi, aka fara miƙa shi hannu zuwa hannu. Ga Alhaji nan a tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe wando, ya tattare babbar riga a wuya, yana cika wannan jarkar da hannunsa.

"Ni na ɗebo, Malam. Kuma tsakiyar rani na je. Na ɗauki mai tasi yini guda, buhu shida a bayan mota, na ce ya kai ni fadamar teku inda ake albasa. Ya kira 'yan'uwansa direbobi su zo su ji. Wani Bakano mai shayi anka samo ya yi mana tafinta, shi ma sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ni, Sha'ibu, da furfurata da hajjina biyu!"

Mani ya buɗe jaka ya fito da kwalba, kamar mai fito da shaida a gaban alƙali.

"Wannan tekun ciki ne. Naka na baki ne, inda ake wanke-wanke."

"Kawo mu gani," in ji Almu tela. Ya ciro ƙyallen farin yadi daga aljihu, irin wanda ba ya rabuwa da shi, ya ɗiga ruwan a kai, ya murza, ya shinshina. Ƙyallen ya yi haske irin na rigar Juma'a.

"Tekun ciki kam ya iya wanki," ya ce. "Bula ce, jama'a. Irin ta shagon Lawwali, mai hoton tsuntsu."

Dariya ta fashe har da masu riƙe ciki. Waɗanda suka fi kowa ƙarfin murya su ne waɗanda suka taɓa rantsuwa sun ga albasar da idonsu. Malam Harisu ya dafa gwiwa ya ce shi dama bai taɓa jin sauƙi ba, kunya ce ta hana shi magana. Ba wanda ya tuna cewa da mai jarkar talaka ne, da shi za a yi wa wannan dariyar, a ce ya je Ikko an sayar masa da ruwan kifi.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya tura jarkar da ƙafa har gaban Mani.

"Tsarabarka ce, Malam. Ba a mai da tsaraba. Ka kai gida ka gan shi da kyau, tunda Allah bai nufa kun gana ba." Ya juya. "Almu, matso nan kusa da ni, wannan kujerar ta fi iska."

Mani ya yi ƙoƙarin tashi, kushin ya riƙe shi, sai da ya yi yunƙuri biyu. Ya toshe kwalbarsa, ya goge ta da gefen riga, ya mayar cikin jaka. Ya tsaya yana kallon jarkar, ruwan ciki na rawa a hankali.

"Alhaji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "da gaske ba ya janyewa? Ko kaɗan?"

"Yana zuwa yana komawa, kamar taku goma. Yini yake yi yana haka."

"To," in ji Mani. "Taku goma ma ja da baya ne."

Ya sunkuya ya ɗauki jarkar, ta fi yadda ya zata nauyi. Mutane suka janye ƙafafu suka ba shi hanya. Daidai bakin ƙofa Malam Harisu ya kamo gefen rigarsa, ya kawo baki kusa da kunnensa.

"In ka je gida ka rage mani na shuɗin. Wannan farin ban yarda da shi ba."

Mani ya laluba takalmansa da ƙafa cikin tulin takalma, jaka a kafaɗa ɗaya, jarka na jan ɗayar ƙasa, ya ɗaga labule ya fita.