Tsohon Gem a Sabon Akwati

Ni mai gyaran rediyo ne a Kafin Maiyaƙi, kuma kafin gidajen gem, wato na wasan bidiyo, su fara buɗewa a garuruwanmu ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Idan na'urar wasan ta lalace ni ake kawo wa, har daga Tudun Wada da Doguwa.

Da ƙaramin abu na fara. Sai in cire waya mai kyau daga gem ɗin mutum in maye gurbinta da tsohuwa, tunda ba mai leƙa cikinsa sai ni.

Ana nan labari ya bazu cewa kamfanin da ke ƙera na'urar yana shirya sabuwa. Amma kamfanin ya yi gum, ba hoto, ba suna, ba ranar fitowa. Dillalan Kano ma ba su san komai ba. Kowa na ɗokinta, ba wanda ya san kamanninta. Nan Shaiɗan ya shige ni.

Na kwashe kayan cikin tsohuwa, na zuba a sabon akwati, na fesa baƙin fenti. Na riƙa raɗa wa mutane cewa sabuwar ce, ta ɓarauniyar hanya ta shigo, kada su gaya wa kowa. Mutum huɗu na cuta. Na ƙarshe shi ne Malam Ilu, tsohon malamin firamare a Dangora, wanda ya sayar da gonarsa don ya buɗe gidan gem ya ciyar da iyalinsa. Ya tambaye ni me ya sa wasannin ciki duk tsofaffi ne. Na ce kamfanin ne ya kulle sababbin sai ranar bayyanawa. Sai ya ce, "To, na yarda da kai, ɗana."

Wata bakwai ina kauce wa hanyar Dangora, kowane babur ya tsaya sai in ɗauka ni aka zo nema. Da ta gaskiyar ta fito, wani direba ya kawo hotonta a mujalla, asirina ya tonu. Ranar kasuwa 'yan sanda suka zo. Wallahi da na gan su, ajiyar zuciya na yi.

Na shekara biyu a gidan yari. A can na ji cewa ko ta gaskiyar ba ta yi kasuwa a yankinmu ba, mutane sun ce ba za a cuce su sau biyu ba. Shirun kamfanin ya ba irina mafaka, su ma sun ji a jikinsu. Amma ba su suka sa ni ba, ni na zaɓa.

Da aka sake ni Dangora na nufa. Na tarar da Malam Ilu yana noma a gonar aro. Na durƙusa don neman gafararsa. Ya ce, "Na yafe tun kana ciki. Tashi mu je inuwa." Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya sauka.

Samari, ku ji tsoron ƙaramar cuta, daga ita ake farawa. Wanda ya amince da ku saboda bai sani ba, shi ya fi cancantar ku gaya masa gaskiya.