Ranar da na cire wa Ustaz kai

"Ina kan ɗana?"

Kawu ne ke tambayata, a gaban dattawa bakwai da ya tara a falonsa bayan la'asar ɗin Juma'a. A talabijin ga Ustaz, babban ɗansa da ya dawo daga karatu a Masar, yana wa'azinsa na farko a wata ƙaramar tashar dish da mutanen Zango ke kallo. Gemu na nan, jallabiya na nan, hannu na ta kai da kawo. Daga hanci zuwa sama ne babu.

Ni na kafa dish ɗin gidan, don haka duk ido ya dawo kaina. Tun da na bar makaranta ba a taɓa kallona da yawa haka ba.

Asalin maganar, Kawu ya sayi talabijin mai faɗin ƙofa, har kafinta ya zo daga unguwar Anloga ya yi mata gidan katako. To wasu tashoshin har yau tsohon hoto suke turowa, mai kusurwa huɗu, sai ya zauna a tsakiya, baƙi dama, baƙi hagu. Kawu ya ce shi duka ya saya, ba tsakiya ba. Sai na zuƙo hoton ya cika gilashin, sama da ƙasa suka yanke. Wata uku masu karanta labarai suna fitowa ba goshi, ba wanda ya yi kukansu. Ba 'ya'yan kowa ba ne.

A kan wannan gwanintar ma ya yi mini alkawarin kwantenar da ke ƙofar gida, in buɗe shagon gyaran dish, in daina yawo da tsani daga unguwar Manhyia zuwa ta Bantama. Ranar nan bayan wa'azi zai ba ni makulli. Har fenti na saya.

Na ce, "Kawu, a ba ni rimot, danna ɗaya ne."

Rimot ɗin talabijin ba ya zama a fili a gidanmu. Yana naɗe cikin leda, cikin akwati, tare da fasfo da takardun gida. Kafin a fito da shi, Ustaz ya gama hadisi biyu da gemu kaɗai.

Na danna. Kai ya dawo, da hula da tabarau. Baƙin gefe ma ya dawo.

Wani tsoho mai goro a kunci ya leƙa ya ce, "Alhaji, ashe rabi suka sayar maka? Tawa ƙarama ce, amma duka take kamawa."

Kawu bai kalle shi ba, ni ya juyo wa. "Cika ta."

"Kawu, in na cika..."

"Da kai nake, ko da bango?"

Hanya ɗaya ta rage, na ja hoton gefe da gefe. Gilashi ya cika, kai na nan. Sai dai Ustaz, siriri kamar sandar makiyayi, ya koma kamar buhun masara biyu a jere. Kumatu har kafaɗa. Kuma daidai lokacin ya shiga babin rage cin abinci.

Hajiya, matar Kawu, da ke leƙe daga ƙofar tsakar gida ta ce, "Wayyo, wa ya kumbura mini yaro? Da safe koko kawai ya sha!"

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Mai goro ya ce, "Masha Allah, ilimi ya zauna masa a jiki."

Haka muka ƙarasa: ina dannawa, Ustaz na ramewa, yana ƙiba, kai na tafiya, yana dawowa, har ya shafa fatiha.

Da baƙi suka watse, Kawu ya ce ya gane. Hassada ce. Wanda ya kasa gama ƙaramar sakandare ba zai so ganin kan mai ilimi a talabijin ba. Na yi masa bayanin hoto mai kusurwa huɗu da mai faɗi, har da zane a bayan kwali. Ya ce Turancina ya yi kyau, da ma a jarrabawa na yi shi.

Ya ɗaga makullin kwantena, ya mayar aljihu. Juma'a mai zuwa yana son ɗansa da kai, da jikinsa na gaskiya, gilashi kuma a cike. In ba haka ba, akwai mai sayar da waakye, shinkafa da wake, da ta daɗe tana roƙon wurin.

Talabijin ba za ta iya ba, tashar ba ta san da ni ba. Mutum ɗaya ne zai iya: in kansa ya sauko tsakiyar hoto, ko na zuƙo ba zai yanke ba. Na zauna kan bokitin fentina na rubuta masa:

"Salam Ustaz, wa'azi ya yi kyau, duk wanda ya ji ya yaba. Don Allah ranar Juma'a ka ce su ba ka kujera 'yar gajera, irin ta wanke-wanke. Ka bar doguwar hular nan a gida. Ka ce mai kyamara ya ja baya, ya bar fili sama da kanka kamar kamu biyu. Kada ka miƙe, ko wa'azi ya yi zafi. In sun tambaya, ka ce tawali'u ne. Shagona na hannunka, yaya."