Sunan 'Yar Fari

Kwana huɗu da na haihu, 'yata tana cikin kwalba a wani asibiti a Kano, 'yan gidanmu kuma suna cikin waya suna musu kan yadda za a rubuta sunanta. Bakwaini ce, kuma likita bai ce za ta kai ranar suna ba, bai ce ba za ta kai ba. Babanta ya riga ya yi mata huɗuba da Hadiza. Yaya Sani ya ce a sa Khadijah, ya fi kusa da Larabci. Ƙanwata ta ce Khadeeja ake yayi yanzu. Kawu, malamin allo a Karaye, ya turo murya yana cewa shi a allonsa hanya ɗaya ce, boko ne ya kawo rigima. Ina karantawa ina wucewa. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Iya ce kawai take ta faɗo mini a rai, kakata ta wajen uwa.

A hannunta na tashi, a Fulatan. In an gama girbi, da an idar da sallar isha sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Ba a jin tatsuniyar Iya a banza: hannunka ya daina ɓara, bakinta ya tsaya. "To, ga ta nan ta iso," in ji ta, "ku matsa wa tatsuniya ta zauna." Mu kuwa mu matsa, har da gyara tabarma.

Akwai guda ɗaya da ba ma so, amma duk shekara sai ta yi ta. Wata mata ce 'yar farinta ta je ɗiban ruwa, aljanar rafi ta riƙe mata ƙafa. Gari ya taru a bakin rafi. Aljana ta ce uwar ta kira yarinyar da sunanta, sau ɗaya tak, za ta sake ta. To, a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce, balle ga surukai a tsaye. Matar ta ce, "Ke!" Ruwa ya kai wa yarinya ƙugu. Ta ce, "Yarinyar nan!" Ya kai ƙirji. Ta juya ta roƙi maƙwabciya ta kira mata, aljana ta ce ba wannan muryar take jira ba. Matar ta buɗe baki, ta dubi mutane, ta rufe. Ruwa ma ya rufe.

"Iya, sai me?"

"Sai aka watse. Kowa yana cewa matar nan akwai kunya."

"Shi ke nan?"

"Tatsuniya ta tashi ta tafi. Ku kwashe ɓawon nan."

Wata rana na ce, "Ni da ni ce, da na kira." Ta daɗe tana kallona ta saman wutar. "Haka kike gani, 'yar nan," ta ce, ta ci gaba da ɓara.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini Iya ta taɓa yin 'ya kafin ita, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku. Na tambayi sunanta. Mahaifiyata ta ce ba ta sani ba. Tsofaffin da suka sani sun tafi, Iya kuwa ba ta taɓa furta shi ba, ko kafin, ko bayan.

Ranar nan a asibiti, nas ta zo da kati ta ce wane rubutun za ta sa. Na ce ta sa wanda ya zo mata a hannu. Surukata tana zaune a gefe da carbi. Hadiza 'yar farina ce, kuma kwana huɗun nan "jaririyar" nake cewa, kamar yadda aka koya mini. Na tashi na kafa goshina a jikin kwalbar. Wallahi bakina ya yi nauyi. Sai lokacin na gane matar rafi ba wawuya ba ce, kuma Iya ba labarin kowa take ba mu ba, sai nata.

Na ce, "Hadiza."

Carbin surukata ya tsaya. Ta juya fuskarta bango.

Kwana biyu ta ƙara, ta koma ana gobe suna. Ba a yanka rago ba, musun waya ma ya mutu da kansa, aka koma turo ta'aziyya. Har yau kukan bai zo mini yadda mata suka ce zai zo ba. Abin da na sani kawai, a kwana biyun nan sau talatin da ɗaya na kira ta. Ina ƙirgawa.