Duron da Sauro Ya Ƙi

Akwai abin da ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta da shi, kuma kafin wani ya riga ni, gara in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Aji huɗu na yi a firamare na tsere, na haɗa da izu uku na allo. Amma da yake ni ke karanta wa mutane wasiƙa, kuma ba a taɓa yi mini tambaya na ce ban sani ba, sai 'yan unguwarmu a Demsawo suka laƙaba mini Modibbo, wato babban malami da Fulatanci. Su tsokana suke yi. Ni kuwa har rawani na saya.

A shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta abin ya faru. Bayan unguwarmu akwai wani tsohon sito na maganin feshin gona, an yi shekaru ba a buɗe shi ba. Da mutane suka fara kafa bukkoki kusa da shi, sai aka ba wani ɗan kwangila aikin kwashe shi. Kwana biyu ya yi. Ya rushe ginin, ya tura gangunan maganin cikin rami, ya zuba jar ƙasa, ya kafa allo cewa an tsabtace wuri. Kafin ya rufe ramin, da tsakar rana, ma'aikata sun tafi cin abinci, na mirgino duro ɗaya, shuɗi, na roba, babu komai a ciki. Wanda ya san wahalar ruwa a Jimeta ba zai zage ni sosai ba. Na wanke shi da toka da sabulu sau uku, na ajiye wa uwargidana a tsakar gida, na ce mata a kasuwa na saya.

Da damina ta sauka, sai filin nan ya yi shiru. Ba shirun da kuka sani ba. Kwaɗi na kuka ko'ina, ban da can. Babu ƙadangare, babu tururuwa, ko ƙuda ba ya giftawa. Wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa kan taso idan rana ta take. Wata akuya ta yi kiwo a gefen, ta faɗi tana kumfa. Na tsaya da ƙafafuna ina kallo: ungulaye suka zo suka yi ta kewayawa a sama, suka yi ta kewayawa, ko ɗaya ba ta sauka ba. Kwana huɗu mushen nan yana kwance, cikakke, idonsa a buɗe.

Aka tambayi Modibbo. Na gyara rawani na ce, “Mutanen ɓoye ne. An rushe musu gida. Kada wanda ya nuna wurin da yatsa.” Maganar ta yi wa kowa daɗi, domin a lokacin, wanda duk ya ce ya san inda aka binne ganguna, sai ya kwana yana amsa tambayoyin jami'an tsaro. Aljani kuwa ba ya kai mutum bariki.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar malamar makaranta, Kirista daga kudancin jihar nan, muna ce mata Madam. Ta ce, “Modibbo, aljanin naka tafarnuwa yake ci?” Ta rubuta takarda shafi biyu, ta hau keke napep ta kai ofishin gwamnati mai karɓar koke-koken jama'a. Na yi mata dariya, na ce takardar za ta ƙare a hannun mai ƙosai.

A gida kuwa uwargida ta fara ciwo. Gumi, rawar hannu, yawu na zuba ba ta sani ba. Wata rana da azahar na dube ta, na ga baƙin idonta ya tsuke kamar kan allura, tana kallona kamar daga cikin rijiya. Na ce mutanen ɓoyen nan sun biyo ni gida. Na ɗauko allo na yi mata rubutu, na wanke da ruwan duron nan, domin a ganina ruwa ne mai albarka: ba ya gansakuka, sauro ba ya ƙwai a cikinsa, kyankyaso in ya matso sai ya kife. Ni ban cika shan sa ba, a bakin titi nake wuni, daga shayi sai ruwan leda.

Bayan mako biyu sai ga wani mutum siriri da jakar takardu, daga ofishin da Madam ta kai kokenta. Ya gaida Jauro, wato mai unguwarmu, da Fulatanci, ya ce a raka shi filin. Na tare shi na ce kada ya tono mana fitina. Ya ce, “Baba, ni ba na kama kowa, ba na kwashe shara. Aikina in bi wanda aikinsa ne har sai ya yi.” Ya tsaya a bakin filin, ya yi kasaƙe yana sauraro, sannan ya rufe hancinsa da hankici.

Ya kuwa bi su. Ya kawo ma'aikatan muhalli suka ɗebi ƙasa da ruwan rijiyar unguwarmu, aka rufe rijiyar, aka riƙa kawo mana ruwa a tanka. Ya zaunar da ɗan kwangila a gindin darbejiya gaban jama'a, ya karanta masa abin da ya sa wa hannu. Duk Talata sai ya dawo ya gaya wa Madam inda aka kwana. Ranar da aka tone ramin, masu aikin sun rufe jiki ruf da fararen kaya, ba ka ganin fuskar kowa. Ni kaina da na gan su sai da na yi a'uziyya.

Da aka gama jera gangunan, mutumin ya duba takardar lissafin kayan siton, ya sake dubawa. Ya ce, “Jama'a, saura ɗaya. Ba za a kama kowa ba. Amma robar nan ta sha magani, ko a kogin Binuwai aka wanke ta ba za ta saki ba. Mai sha daga cikinta zai riƙa gumi, yawu na zuba, idonsa ya tsuke.”

Na ji rawanin nan ya yi mini nauyi. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji huɗu.

A motarsu aka kai uwargida asibiti. Ta yi kwanaki, Allah Ya tashi kafaɗunta, sai dai har yau in ta ɗauki kofi hannun na rawa. Filin kuwa sai da damina biyu ta wuce kafin mu ji kwaɗo a can.

Abin da na koya shi ne, “ban sani ba” ma ilimi ne, kuma in abu ya fi ƙarfin unguwa, akwai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ranar da aka sallamo ta na zauna ina faɗa mata haka, Madam na gefe tana bare mata lemo. Sai tsohon halin ya motsa, na ce, “Amma dai ku yarda, ni na fara lura ruwan nan ba irin sauran ba ne.”

Uwargida ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali, ta ce, “Ƙwarai, Malam. Sauro ma ya lura. Shi dai bai kai wa matarsa ba.”