Ƙaho ko Ƙirya: Neman Ƙotar Wuƙar Auren Mangwaro

Kazaure

Na fita daga gida ana kiran assalatu, da ruwan wuƙa a aljihu, babu ƙota. 'Yar ƙarama ce mai ninkewa, bakinta a lanƙwashe kamar lauje. A Omdurman na saye ta zamanin da nake fatauci, inda na ga masu lambu suna yi wa itatuwa aure da irinta. Da na ajiye tafiye-tafiye sai na dasa mangwaro a lambuna na bakin ruwa, kuma a farkon daminar nan wani aboki ya kawo mini rassa daga Zariya, na irin mangwaron nan marar zare, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce in ɗaura su da wuri, ba sa jira. Ran da na zauna yin aikin, ƙotar ta tsage a hannuna.

Mai shekaruna ba ya wasa da damina guda. In auren bai kama bana ba, ban san ko zan ɗanɗana 'ya'yan ba. Duk da haka, da uwargidana Hajiya ta ce, "Alhaji, wuƙaƙe nawa ne a madafa?" sai na ce mata waɗannan na albasa ne. Na bayyana mata cewa a Sudan ƙotar ƙaho ake yi, a Kumasi ta itace, Buzayen Agadas kuma ƙashin raƙumi. Ta ce to su duka suna da rassa a buhu? Na ce ta riƙa yayyafa musu ruwa, zan dawo kafin la'asar.

Babura

A tasha na sami a-kori-kura mai zuwa Babura. Direba ya ba ni gaba saboda furfura, tare da wata mata da kajinta. Mun tsaya a Kanya Babba aka ɗaure salansar motar da waya, muka ci ƙosai mai zafi. Gab da Babura 'yan kwastan suka tare mu. Ɗayansu ya ga abin da ke aljihuna, ya juya shi, ya ce, "Baba, wannan wuƙa ce ko za ta zama wuƙa?" Na fara ba shi tarihinta tun daga bakin kogin Nilu. Direba ya danna ham, ɗan kwastan ya miƙo mini abina da sauri.

A bakin kasuwa wani ɗan kudu mai tebur, Sande, ya nuna mini wuƙa mai ninkewa sabuwa fil, da ƙotar roba ja. Lokacin naira ta shigo, kayan roba sun cika ko'ina. Ya ce, "Alhaji, ka saya ka koma gida yanzu." Na ce masa roba ta yara ce. Har da Turanci na faɗa masa, don ya ji da kyau.

Wanda na zo nema shi ne Ardo Jaɓɓo, abokina tun muna kai shanu kudu. Na same shi a kara, kasuwar shanu, yana ciniki da mutanen Nijar, rabi da sefa rabi da rantsuwa. Niyyata in sayi ƙaho wajen mahauta in juya. Da ya ji, ya kama gemu.

"Kaɗo bai da kunya. Ƙahon mahauta, ina raye?"

Ya ɗora ni a bayan keken ɗan'uwansa har ruga. Daga cikin bukka ya fito da ƙahon wani jan bijimi da ya mutu shekarun baya, wanda har yau in ya ambaci sunansa sai muryarsa ta canja. Ya ce, "Ka ga wannan? Ban ba 'ya'yana ba. In an gama, ka zo in ga hannunka a kansa." Irin wannan kyauta ba a karɓarta a tashi. An dama fura da kindirmo, an yanka zakara, aka shimfiɗa mini tabarma. Na kwana ina tunanin buhu.

Kazaure kuma

Maƙerin da ya iya ƙusar wuƙa mai ninkewa a Roni yake, hanya kuwa sai ta garinmu. Na sauka a tasha da hantsi. Daga inda nake tsaye ina hango kan rimin unguwarmu. Mutumin da ya tsallaka hamada a kan raƙumi ya laɓe a bayan wata motar gyaɗa, don kada wani ya gan shi ya kai wa Hajiya labari. Motar Roni ta riga ta tashi. Wadda ta rage ta 'yan kasuwar Gwiwa ce, kwandasta ya rantse daga can zuwa Roni kamar an je. Na shiga, na rufe fuska da rawani.

Gwiwa

A Gwiwa Malam Ilu yake, wanda ɗana ke auren 'yarsa. Ba yadda za a yi in taka garin in wuce ƙofarsa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Da na yi shiru da an rabu lafiya, amma ya tambayi abin da ke cikin jakata, ni kuma ban taɓa iya amsa tambaya a gajarce ba. Na fito da ƙaho na yi masa bayanin yadda yake sheƙi in ya tsufa.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali, "Allah ya ja zamanin Alhaji, ƙaho abu ne mai kyau. Sai dai mu manoma, da gumi a hannu, itacen ƙirya muka sani. Ban san ba mu kai a tambaye mu ba."

Na ce subhanallahi, ai hanya ce ta biyo da ni ta can tukuna. Ya shiga cikin gida, ya daɗe, ya fito da guntun taɓaryar ƙirya baƙi ƙirin, mai santsin hannu. Ta mahaifiyarsa ce, Allah ya jiƙanta. Ya ce, "Wannan ta fi ni shekaru, gara ba ta taɓa kusantarta ba. In an gama, zan zo in gani." Sai ga hadari ya haɗo, aka yi ruwa har magariba, hanya ta yanke. A zaurensa na kwana, ƙaho a dama, taɓarya a hagu.

Roni

Da safe wani malamin gona ya ɗauke ni a babur. Muka ratsa tsakanin duwatsu, ƙafafuna suna sharar taɓo. Maƙeri Ɗanjuma na zaune a rumfarsa yana gyaran garma. Na ajiye masa kayana uku, na gaya masa waɗanda suka ba ni. Ya yi dariya har ya saki zuga-zugi.

"Alhaji, da wa kake son ɓatawa, Bafillace ko suruki?"

"Da wanda ya fi nisa," na ce.

"Nisa ba ya hana labari zuwa."

Muka duba wuƙar tare. Ƙotarta fuska biyu ce, ruwan yana kwanciya a tsakani. Na ce a yi ɗaya da ƙaho, ɗaya da ƙirya. Ya ce bai taɓa gani ba. Na ce ni ma duk yawona ban gani ba, amma ba a taɓa sa ni a tsakiyar Ardo da Malam Ilu ba. Ƙirya ta ba shi wuya, sai da ya wasa gizago. Ƙaho kuwa sai an gasa shi ya yi laushi, a danne da dutse ya huce ya miƙe, kuma ba ranar za a ɗaga ba. Warin ƙahon da aka gasa ya bi rigata har gida. Na kwana a gidan maƙeri, aka ba ni ɗanwake, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari ya buga ƙusoshin tagulla, ya goge da man gyaɗa. Gaskiya ta yi kyau. Ban ga irinta a Omdurman ba, ban gani a Makka ba.

Gida

Na iso bayan azahar. Hajiya ta yi mini sannu da zuwa, ta ce, "La'asar ɗin ba ta yi ba tukuna, ka yi sauri." Na wuce inda buhu yake. Ta yayyafa ruwan kamar yadda na ce, ba ta fasa ba. Na warware. Rassan sun yi baƙi, idanunsu sun zube. Na ɓare ɗaya da sabuwar wuƙa, na ɓare wani, na bi su duka ina neman kore. Babu.

Na zauna a kan turmi da wuƙar a hannu. Can Hajiya ta zo ta ajiye mini kwano da mangwaron gida, ɗan ƙarami mai zare, irin wanda yara ke jifa. Ta ce, "Gwada ta a nan."

Na fere. Ga masu son sanin sakamakon bincike: in hannu ya jiƙe, ƙaho yana zamewa, ƙirya tana zama daram. Ina roƙon wanda ya karanta wannan kada ya kai labarin Babura.

Na gode wa Ardo, da Malam Ilu, da Ɗanjuma, da direbobin da suka jure surutuna. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Itatuwan da na dasa suna nan a lambu ba aure. Ina roƙon Allah ya ara mini wata daminar.