Saƙon da Ya Tafi da Sunana

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta abin da babban yatsana ya aikata wata ranar Talata da hantsi, ina zaune a bayan kanta a gidan burodina da ke Kwararafa. Da dannawa ɗaya na raba ƙawata da garin da aka haife ta. Shekara huɗu ke nan, amma duk sanda na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Abin haushin ma, a ranar ban san na yi wani abu ba. Har shayi na haɗa na sha, ina yaba wa kaina.

Sai na fara da ita ƙawar tawa, don in ba a san ta ba, ba za a gane zafin abin ba. A unguwar Congo-Russia ta Jos aka haife mu, a gidan haya ɗaya, ƙofar ɗakinmu na kallon tasu. Iyayenta Ibo ne da suka zo Jos tun suna sabon aure. Ita kuwa in tana magana a bayan labule, ba mai cewa ba Bahaushiya ba ce. Ranar Kirsimeti babanta kan kamo kajinsa ya kawo wa babana ya yanka, don kawai mu ma mu iya ci. Da Sallah kuma tare ake zana mana lalle, kuma kullum nata ya fi kama, abin da ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba.

Mamanta ce ta koya mana sana'ar fulawa. Cincin take yi da fanke, tana kuma gasa kek a cikin babbar tukunya da yashi a ƙasa, don a lokacin wa ya ga obin na gashi a unguwarmu? Mu biyu take zaunarwa a gabanta, amma gaskiya ɗaya ce, hannun ƙawata ya fi nawa. Ita da ta taɓa kwaɓi za ta ce, “Wannan ba zai tashi ba yau, sanyi ya yi yawa, kawo bargo.” Ni kuwa bakina ne ya fi aiki. Ni ce mai talla, ni ce mai faɗa da masu neman ragi. Maman tata takan ce in aka haɗa hannun ɗaya da bakin ɗaya, za a samu mutum guda mai amfani.

Daga baya aure ya ɗauke kowa. Sai kuma shekarun da gari ya yi ta rikicewa, mutane suka riƙa komawa unguwannin da nasu suka fi yawa. Ita da mijinta suka koma can wani gefen gari. Ba mu yi faɗa ba, ba mu ce mun rabu ba. Ziyara ce ta koma gaisuwa a waya, gaisuwar ta koma ta Sallah da Kirsimeti, sannan wayata ta faɗa a ruwa, lambarta ta tafi. Kullum ina cewa zan neme ta. Na shekara bakwai ina faɗin haka.

A cikin shekarun nan Allah ya buɗa mini. Gidan burodin ya kai ma'aikata goma sha ɗaya, muna kai wa shagunan ɗalibai har wajen Naraguta. Sai matar da ke kula mini da masu kwaɓi da masu gashi ta ce za ta bi mijinta Bauchi. Da can in ina neman ma'aikaci, mai sayar mini da fulawa nake gaya wa, ko maƙwabta. Kafin kwana uku wani ya riƙo hannun wani ya kawo, ya ce, “Hajiya, na san gidansu.” Amma a watan nan na halarci wani taron bita na mata masu sana'a, na dawo kaina ya yi girma. An nuna mana shafin neman aiki na intanet, aka ce masu ci gaba ba sa cigiyar ma'aikaci a bakin titi. Ni kuma, Allah ya yi ni da son a ce na waye. Na zauna na rubuta talla, na sa sunan gidan burodina ɓaro-ɓaro, na tura.

Wayyo, ashe ruwa na ɓallo! Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Washegari masu nema sun kai ɗaruruwa. Akwai na Legas, akwai na Fatakwal, akwai wanda ya karanta injiniya, akwai wata mai digiri biyu. Na ce kai, ashe burodina ya yi suna haka? Sai da na kira mutum na farko na sauko daga kan dokina.

“Ina magana da wanda ya nemi aiki a gidan burodi?”

“Gidan burodi? A ina?”

“A Jos.”

Sai ya ce, “Madam, yi haƙuri, wane aiki ne ma? Na nemi da yawa jiya.”

Ta biyu ta ce ita ba ta taɓa zuwa arewa ba, ko za a iya yin aikin daga gida. Na ce mata sai dai in burodin ma daga gida za a ci ta waya. A nan na gane yadda abin yake. Mutum yakan ajiye takardunsa a shafin sau ɗaya, daga nan duk tallar da ta gifta sai ya danna kawai, ko bai karanta ba. Yanzu da na huce, ba na ganin laifinsu. Wanda ya nema sau ɗari ba a ko amsa masa ba, ina zai samu ƙarfin karanta ta ɗari da ɗaya? Amma a lokacin raina ne ya ɓaci. Na ce tunda su ba su karanta tawa ba, ni ma ba zan karanta tasu ba.

Shafin yana da wurin tacewa. Na zaɓi masu digiri kawai. Na zaɓi waɗanda ba su wuce shekara talatin da biyar ba. Me digiri zai yi wa kwaɓin burodi, ban tambayi kaina ba, ni da ko sakandare da ƙyar na gama. Nan take tulin ya koma mutum goma sha biyu. Sai shafin ya tambaye ni ko ina so a aika wa sauran saƙon ban haƙuri. An riga an rubuta shi da Turanci mai santsi: mun duba takardunku da kyau, ba ku dace da abin da muke nema ba, muna muku fatan alheri. A ƙasa akwai wurin sa suna. Na rubuta cikakken sunana, har da “Shugaba”, na danna.

Na ɗauki wata yarinya mai ladabi da digirinta. Ba ta san bambancin kwaɓin da ya tashi da wanda ya kwana ba, amma tana ƙoƙari. Bayan wata huɗu ta samu aiki a Abuja ta tafi, muka rabu lafiya.

Ana cikin haka wata Asabar na je kasuwa sayen dankali, sai na ji an kira ni da sunan yarinta. Wani dattijo ne ɗan asalin Filato, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya zauna a ɗakin ƙofar gida a can gidan hayarmu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa sama-sama, yana kallona ta saman tabarau.

“Kai, yarinya,” ya ce da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, “abin da ka yi bai yi kyau ba.”

“Baba, me na yi?”

“Ƙawanka. Mijinshi ya mutu, yara uku. Ya nemi aiki a wurinka, ka rubuta mashi letter ka ce bai dace ba. Ko ba ka da wuri, ba sai ka kira shi ba? Ku da kun ci a kwano ɗaya!”

Na ce wallahi Baba ban ga takardarta ba, ban ma san mijinta ya rasu ba. Ya ce shi da idonsa ya ga saƙon a wayarta bayan an tashi daga coci, da sunana a ƙasa. Ya ce ta sayar da kayanta, ta kwashi yara ta koma ƙauyensu a kudu tun wata uku da suka wuce.

Ban san yadda na baro kasuwar ba. Dankalin ma a can na bar shi. Na shiga shago, ma'aikata na gaishe ni ban amsa ba, na zauna na buɗe tulin waɗanda na kora. Na yi ta ja da yatsa, fuskoki na wucewa, mutanen da ban taɓa kallo ba ko sau ɗaya. Can sai ga ta. Ta rame, ta ɗaura ɗankwali baƙi, amma wushiryarta na nan. Wurin digiri babu komai. Akwai wani ɗan akwati da mai nema zai iya rubuta ƙarin bayani in ya so, wanda kusan kowa ya bari fayau. Ita ta cika nata, da Hausa:

“Ƙawa, ni ce. Na ga sunan gidan burodinki. Baban yara ya rasu bara. Sau biyu ina zuwa ƙofar shagonki in kasa shiga, kunya nake ji ki gan ni haka. Ba ni da takarda, amma kin san hannuna. Yayyena sun ce in ban samu abin yi ba kafin a koma makaranta, in tattara in dawo gida, ni kuma ban san wani gida ba sai Jos. In babu wuri ba komai, ki dai kira ni in ji muryarki.”

Na kifa kaina a kan kanta na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar babana. Cikin ɗaruruwan nan ita kaɗai ce ta san wurin wa take nema, kuma ita ce ta fi kowa iya aikin.

Lambarta na jikin takardar. Na kira. Da ta ji muryata sai ta ce, “Hajiya, ina wuni.” Tunda muke ba ta taɓa ce mini Hajiya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta bayani, ina haɗa kuka da rantsuwa. Na ce ban gani ba, na'ura ce ta tace, na'ura ce ta rubuta. Ta bar ni har na gaji, sannan na ji ta yi 'yar dariya.

“Da ma na ce Turancin nan ba naki ba ne. Ke da ko da Hausa ba ki iya ba da haƙuri ba.”

“To me ya sa ba ki zo kin same ni ba?”

“Sunanki ne a ƙasa, ƙawa. Na karanta ya fi sau ashirin. Aka ce an duba da kyau.”

Na ce ta dawo. Na ce aikin nata ne, ɗaki ma ni zan nema mata, makarantar yara kuma a bar ni da ita. Ta ce ta saki ɗakinsu, ta sayar da obin ɗinta da gadonta, yara sun fara sabawa, ga mamanta da ta daɗe da komawa can ta tsufa ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuma tunda ta zo yayyenta suka sakar mata jinyar. “Da a lokacin ne,” ta ce, “da ko shara kika ba ni zan zauna.” Sai kuma ta shiga tambayata gari. Ko har yanzu mai masar nan ta bakin hanya tana nan? Ko an rushe gidanmu? Ta ce a can 'yar Hausa suke kiranta, in ta yi yarensu yara na dariya. Ta ce wani lokaci takan shiga ɗaki ta yi ta magana da Hausa ita kaɗai, don kada bakinta ya manta.

Yanzu duk Lahadi da yamma muna waya. Takan ce in Allah ya yarda za ta zo hutu, ni kuma in ce ina jira. Hutu huɗu sun wuce. Ina kewarta fiye da shekaru bakwai ɗin da ban neme ta ba, don a da na san tana cikin gari, ina ganin ko yaushe na ga dama zan je.

Ban daina amfani da shafin ba, zamani ya riga ya zo. Amma ban sake barin na'ura ta ce wa kowa a'a da sunana ba. Ko mutum nawa ne suka nema, sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya na kalli fuska, na karanta abin da aka rubuta, ko zai ɗauke ni mako guda. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: kafin ka sallami mai nema, ka tsaya ka san ko wane ne. Ni ban tsaya ba, ga shi ina Jos da gidan burodi, wadda ta fi ni iya burodin tana can inda ba ta da wanda za ta yi Hausa da shi.