Gardin Fako da Jar Akuyata

Shekarar da anka rufe fakon da ke bayan garinmu, nan wajen Ibohamane, ina da akuya guda, ja, da ciki. Sauran duk rani ya cinye su. Mutanen furoje, masu aikin raya daji, sunka zo da mota sunka ce kada dabba ta ƙara taka wurin sai kututturan sabara da kalgo sun sake toho. Wani mai tabarau ya ce wai itatuwa suna shanye hayaƙin da motocin Nasara ke zubawa sama. To, su yi hayaƙinsu can, akuyata ta yi musu azumi nan?

Mazan garinmu kuwa, da ba su taɓa haɗa baki a kan komi ba, sunka haɗa baki sunka naɗa gardi mai tsaron fakon. Wa sunka zaɓa? Mijin ɗiyata ta fari. Anka ba shi hula da sanda da igiyar kama dabba. Ko ɗaya cikinsu bai tuna ba cewa suruki ba ya ɗaga ido ya dubi uwar matarsa, balle ya yi mata tsawa.

Da bazara ta yi tsanani, haƙarƙarin akuyar nan sun fito, na ga in ban yi wani abu ba za ta zubar da cikin. Ga fako can ya yi kore, mu da munka haƙa masa ramu da hannunmu muna kallo. Na ja ta da rana tsaka na shiga.

Gardi ya hango ni. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Inna."

Ban amsa ba, ba a amsawa. Akuya tana ta fizgar toho, shi yana duban ƙasa, igiya a hannu kamar wanda zai je ɗebo ruwa. Sai ya juya ya fuskanci wata aduwa ya ce da ita, "An dai hana shigowa nan."

Ni ma na ce da aduwar, "Gaya masa wadda ta haifa masa mata ba ta ji ba."

Maza sunka yi ta yi masa dariya a bakin masallaci, har anka fara zancen karɓe hular. Washegari da safe na tarar da damin ciyawa da kwandon 'ya'yan gawo a ƙofar ɗakina. Jibi ma haka. Mutumin da anka ɗauka tsaron daji ya koma yi wa akuyata bara, yana zuwa har fadama yana yanko mata, don dai kada in sake fita in same shi.

Ta haihu biyu kafin ruwan fari ya sauka. Ban aika masa da godiya ba. Na dai ce da ɗiyata ta faɗa masa baki ya ƙaru, a riƙa cika damin.